Kwanon da Ya Dawo Wayam

Shekara goma sha tara wani kwanon samira mai ruwan ɗorawa ya yi yana kai da kawo tsakanin ƙofar Tabita da ƙofar Ashatu, a wani gidan haya da ke bayan layin masu suya a Sabo, kuma bai taɓa tsallake tsakar gidan nan babu komai a cikinsa ba. Idan ya tafi da masa, ya dawo da dambu. Ranar Kirsimeti ya tafi da shinkafa da kaza, ranar Babbar Sallah ya zo da soyayyen nama. Har an manta mai shi na asali. Tabita ta ce da shi ta zo Ibadan daga Malumfashi, Ashatu ta ce ƙarya take yi, cikin kayan ɗakinta yake, kuma duk ranar da wannan musu ya tashi sai matan gidan su ajiye wanki su sha kallo.

Tabita Bahaushiya ce kuma Kirista, abin da har yau wasu a Sabo ke jinsa kamar an ce musu akuya ta yi ƙwai. Mijinta Dogara ne ya kawo ta, lokacin yana gadin wani shago a Dugbe. Da ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Irmiya, wanda yanzu yake aiki a Jos, ita kuma ta ci gaba da suyar masa a bakin ƙofar gida. A makon rasuwar, 'yan coci sun zo, sun yi waƙa, sun yi addu'a, sun tafi. Ashatu ce ta zauna. Ita ta dinga ɗura mata kunu da cokali, ita ta tsefe mata kai, ita ta wanke mata zannuwa. Mijin Ashatu kuwa, Ɗanmalam mai albasa a Kasuwar Shasha, tun Dogara yana da rai shi ke yanka musu kajin Kirsimeti, don kowa a gidan ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Bayan rasuwar ma bai fasa ba.

Wata Laraba da hantsi, bayan maza sun fita, Ashatu ta kira Tabita ɗaki ta saki labule. Hannun Tabita ta kama, ta kai shi ƙarƙashin rigarta ta ɓangaren hagu, ta danna. Tabita ta ji wani abu mai tauri kamar goro a cikin nonon.

Wata huɗu ke nan, in ji Ashatu, kuma babu wanda ya sani. Ko Kausar, 'yarta mai karatun aikin jinya, ba ta sani ba. Ta san halin gidansu Ɗanmalam: ranar da maganar ta kai kunnen yayyensa a Bichi, ranar za a ce a kawo ta gida a yi na gargajiya, ba za a yarda a sa mata wuƙa ba. So take ta ga likita tukuna, a ba ta ranar aiki, sannan ta zaunar da mijinta ta faɗa masa da bakinta, cikin lalama, yadda ta san yana jin magana.

“Maman Irmiya, amana ce. Daga ni sai ke sai Allah.”

“Daga ni sai ke sai Allah,” in ji Tabita, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa.

Daga nan suka ƙirƙiro ƙaryar zuwa kasuwar Bodija sayen shinkafar masa. Su hau keke mai ƙafa uku a bakin titi, su sauka a babban asibiti. Ashatu ba ta taɓa kama Yarbanci ba, ban da gaisuwa da cinikin barkono, Turanci kuwa ko na rantsuwa babu, don haka Tabita ce baki, ita ce mai riƙe kati, ita ce mai faɗa da masu tsallake layi. Ranar da aka ɗebi tsoka don gwaji, Ashatu ta matse mata hannu har zobe ya yi mata shaida a yatsa. A hanyar dawowa duk ramin da keke ya faɗa sai Ashatu ta cije leɓe, Tabita kuwa ta dinga surfa wa mai keken masifa da guntun Yarbancinta, har mara lafiyar ta yi dariya da hawaye a fuska. Sakamako ya fito, ciwon daji ne. Aka ba su ranar tiyata a watan Janairu.

To, a daidai wannan lokaci ne cocinsu Tabita, wata ƙaramar majami'ar masu jin Hausa da ke wajen Mokola, ta yi sabon mai bishara, Malam Filibus. Yaro ne mai himma, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai ya dawo daga wani horo da kai cike da dabaru, kuma mai sabuwar dabara ba ya zama. Ya ce zamanin tsayawa a bakin titi da lasifika ya wuce. Yanzu abota ce hanya. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya cikin maƙwabtansa, ya rubuta sunansa a kati, a maƙala a allon bayan coci, ya kusance shi, ya taimake shi, ya jira ranar da ƙofa za ta buɗe. Wahala, in ji shi, ita ce ta fi buɗe ƙofa. Ƙarshen kowane wata kuma kowa zai tashi ya faɗi inda aka kwana.

Tabita ba ta yi dogon tunani ba ta rubuta Ashatu. A gaskiya ta daɗe tana yi mata addu'a. Ta gaskata abin da ta gaskata, kuma idan kana ƙaunar mutum ba ka son ka shiga inda kake ganin alheri ne ka bar shi a waje. Ashatu ma ta sha ce mata, “Ke dai Allah Ya shirye ki, da irin wannan hali naki a ce ba kya salla,” su yi dariya su ci gaba da tsince shinkafa. Wannan ba sabon abu ba ne a tsakaninsu. Sabon abu shi ne katin, da allon, da idon mutane.

Don akwai wani ƙulli da ya daɗe a zuciyar Tabita. A zumuntar mata ta coci, idan ana maganar girbin rayuka, akan ɗan juyo a dube ta. Shekara goma sha tara a tsakiyar Sabo, ko mutum ɗaya ba ta kawo ba. Wata ma ta taɓa ce mata, cikin wasan da ba wasa ba, saura kaɗan su gan ta da hijabi. Wata biyu ana taron shaida, wannan ta tashi ta ce ta ba mai gyaran takalmi littafi, waccan ta ce mai kitsonta ta yarda a yi mata addu'a, Tabita tana zaune a bencin baya tana murza bakin zane.

A wata na uku Malam Filibus ya kira sunanta da kansa. Ta miƙe da niyyar ta ce a ci gaba da addu'a kawai, ta zauna. Amma ta ga fuskoki sun juyo, ta ji an yi tsit, abin da ba a taɓa yi mata ba, sai bakinta ya buɗe. Ta ce Ubangiji ya buɗe mata ƙofa. Aka ce amin. Ta ce maƙwabciyarta ba ta da lafiya. Aka ce wayyo. Daga nan magana ta dinga jan magana: ta faɗi sunan, ta faɗi ciwon da inda yake, ta faɗi cewa ko mijin bai sani ba, ita kaɗai aka yarda da ita, ita ke kai ta asibiti a ɓoye. Ta ce tana ganin zuciyar ta fara laushi. Wannan na ƙarshe ma ba gaskiya ba ne, daɗin tafi ne ya jawo shi. Mata suka rangaɗa guɗa, aka kewaye ta aka ɗora mata hannu, ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ba ta lura da wayar da aka ɗaga a gefen mumbari ba, ko kuma ta lura ba ta kawo komai a ranta ba.

Kwana tara aka yi. Ranar Talata da safe tana juya masa a tanda, Kausar ta tsaya a kanta. Yarinyar da ta goya a bayanta, wadda ba ta taɓa wucewa ba tare da ta durƙusa ta saci masa guda ba, yau ko gaisuwa babu. Waya ta miƙo mata.

Tabita ta ga kanta cikin ankon zumunta, tana ɗaga hannu sama. Ta ji muryarta tana cewa, “Sunanta Ashatu, matar mai albasa.” An sa hoton a shafin coci don ƙarfafa 'yan'uwa, har da rubutun Turanci a ƙasa saboda masu tallafa wa aikin. Wata 'yar ajinsu Kausar ce ta gani ta turo mata, tana tambaya ko mamanta ce.

“Mama, kilode? Me ya sa?” in ji Kausar. “A waya zan ji uwata tana da ciwon daji? Ni da nake karatun abin? Ya shiga gurup ɗin 'yan Shasha tun jiya. Abba ya gani.”

Masa ta ƙone a tanda, Tabita tana kallonta ba ta iya ɗaga tsinke ba.

Kafin azahar Ɗanmalam ya dawo, mutumin da bai taɓa barin rumfa kafin la'asar ba. A gaban abokan sana'arsa aka kunna masa, wani yana tambayarsa wai da gaske matarsa za ta koma coci. Ya wuce Tabita kamar bai ga mutum ba. Ba a ji hayaniya daga ɗakin ba, kuma wannan shirun ya fi mata zagi ciwo. Da yamma wayoyi suka fara shigowa daga Bichi. Matan gidan da suka saba aron gishiri a wajenta suka koma magana ƙasa-ƙasa, idan ta fito su yi shiru.

Sai washegari ta samu ƙarfin yin sallama a ƙofar Ashatu. Ta same ta zaune a kan darduma, ta jingina da gado. Tabita ta zube a ƙasa ta fara ba da haƙuri, tana kuka, tana cewa addu'a kawai ta nema mata, ba ta san za a ɗauka ba, sharrin Shaiɗan ne. Ashatu ta bar ta har ta gaji. Ba ta ɗaga murya ba.

“Addu'a ba ta dame ni ba, Maman Irmiya. Na san kina yi min, ni ma ina yi miki. Abu ɗaya nake so ki faɗa min. Ranar da suka sa min allurar nan na riƙe hannunki, ni kike riƙewa, ko ƙofar da kika ce ta buɗe?”

“Ke ce. Allah ya sani ke ce.”

“To yaushe aka rubuta sunana a katin da kika ambata a hoton nan? Kafin ranar, ko bayanta?”

Tabita ta faɗa mata gaskiya. Kafin ranar ne, da mako biyu. Tana iya yin ƙarya, amma ƙaryar da ta yi a coci ta ishe ta. Ashatu ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa farashin da dama ta sani.

“Shi ke nan. Yanzu ko ruwa kika ba ni sai na tsaya ina tunanin na mene ne. Shekara goma sha tara ban taɓa wannan tunanin ba. Je ki, kaina yana ciwo.”

Abin da ya fi ƙona Tabita a kwanakin da suka biyo shi ne ita kanta ta kasa rarrabewa. Ta san ta ƙaunaci Ashatu tun kafin a haifi dabarar Malam Filibus. Amma ta tuna akwai ranar da suke zaune a bencin asibiti, Ashatu ta kwantar da kai a kafaɗarta, ita kuma a ranta tana tsara yadda za ta ba da labarin. Wannan tunanin ya hana ta cin abinci.

Ranar Lahadi ta riga kowa zuwa coci. Ta tarar da Malam Filibus yana jera kujeru. Ya ce ya ji abin da ya faru, ya goge hoton, ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma kada ta karaya, tsanani yakan biyo bayan aikin Ubangiji. Tabita ta dube shi, yaron da bai girmi Irmiya ba, ta ji ba ta da ƙarfin yin fushi da shi.

“Malam, ba tsanani ba ne. Babu wanda ya tsananta min. Amana aka ba ni na kawo nan na sayi tafi da ita.”

Ta wuce allon baya ta zare katinta. Akwai wasu kusan arba'in, kowanne da sunan mutumin da bai san an rataye shi a nan ba: Jamil mai shayi, Suwaiba mai kitso, Rabi'u mai babur ɗin okada. Ta tambaye shi ko cikin waɗannan akwai wanda aka nemi izininsa. Ta ce masa ranar da Dogara ya mutu, matar nan ta yi mako tana ba ta kunu a baki, kuma ba ta je masallaci ta ba da rahoto ba. Idan akwai wanda ya nuna wa wani halin Yesu a gidan nan, in ji ta, a je a bincika da kyau a ga ko wace ce. Malam Filibus ya tsaya da kujera a hannu. Daga baya an ce ya sauke allon, ya kuma daina taron ƙarshen wata. Tabita ta ji labari, amma bai rage mata komai ba.

Shawarar Bichi ta tsaya a kan abin da Ashatu ta guda tun farko: a kawo ta gida. Yayyen Ɗanmalam suka ce asibitin da aka bi da ita ta bayan fage, da wata manufa, ba za ta sake taka shi ba. Kausar ta yi kuka, ta yi Turanci, ta yi Hausa, ta nuna musu takardar ranar aiki, iyakar abin da ta samu shi ne alkawarin za a duba wani asibitin a Kano idan an ga hali. Aka sa tafiya bayan Kirsimeti da kwana biyu.

Ana jajiberin Kirsimeti Tabita ta sayo kaji biyu don sabo, ta ɗaure su a gindin rijiya, sannan ta tuna ba ta da fuskar da za ta kira mai yanka. Tana nan tsaye sai ga Ɗanmalam ya fito da wuƙarsa. Bai gaishe ta ba. Ya fuskantar da su gabas, ya yi bisimilla, ya yanka, ya wanke wuƙar a bakin kwata. Da zai juya ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Wannan tsakanina da Dogara ne.”

Ta dafa shinkafar yadda Ashatu ke so, ba yaji sosai, ta zaɓi cinya da ƙirji ta jera a sama. Kwanon yana wajenta tun masar ƙarshe da ba ta samu kaiwa ba. Ta rufe shi, ta ajiye a bakin ƙofarsu, ta yi sallama, ba a amsa ba. Da ta leƙo bayan awa ɗaya babu shi a wurin. Ta yi kwana biyu tana rayuwa a kan wannan ɗan abin.

Ranar tafiya da safe keke biyu suka tsaya a ƙofar gida don kai su tashar Ojoo. Tabita ta yafa gyale ta zauna a bakin gadonta tana jira, ko za a ce ta zo su yi sallama. Ta cikin labule ta ga an fito da jakunkuna, ta ga Ashatu ta wuce a hankali, Ɗanmalam yana riƙe da gwiwar hannunta. Ba ta waiwayo ba. Sai Kausar ce ta yi sallama ta shigo, kwanon a hannunta. An wanke shi tas, har bakin murfin an goge da toka. Tun daga yadda yarinyar ta riƙo shi da hannu ɗaya Tabita ta san babu komai a ciki.

“Umma ta ce a faɗa miki ta ci, ta gode. Ta ce kwanon naki ne, dama naki ne, tsokanarki take yi.”

Tabita ta karɓa. Ta tambaya ko za ta iya raka su Ojoo, ko daga nesa ne. Kausar ta girgiza kai, idonta ya cika.

“Ta ce idan za ki yi mata addu'a, ki yi, tana so. Amma a ɗakinki, ke kaɗai. Kar ki ƙara kiran sunanta a gaban kowa.”

Ƙarar keken ta yi nisa har ta ɓace cikin hayaniyar titi. Tabita ta tura ƙofa ta sa sakata, ta ajiye kwanon a kan gado, ta durƙusa a gabansa. Duk addu'o'in da ta saba jerawa, na buɗe ido da na taɓa zuciya, ta neme su ta rasa. Ta daɗe a haka tana kuka mara sauti. Da bakinta ya buɗe, abin da ta roƙa kaɗan ne: a ba Ashatu kujerar gefen taga, a ba su direba mai haƙuri wanda zai dinga rage gudu a kan ramuka, don hanyar Kano tana da tsawo, kuma a motar nan kaf babu wanda ya san yadda take cije leɓe ta yi shiru idan an faɗa rami.